Layin da Ya Yi Ja

Shekara goma sha tara Malama ta yi tana koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare ɗaya, a ɗakin gwaje-gwaje ɗaya mai famfo shida, waɗanda biyu ne kawai ke kawo ruwa. Ɗalibai suna kiranta Sai-a-rubuta a bayan idonta, domin ko tambayar lokaci aka yi mata, in ta gama amsawa sai ta ce, "To, sai a rubuta." Ta san da sunan, da can har dariya yake ba ta. Amma tun da mijinta ya rasu, wata goma ke nan, ba abin da ke ba ta dariya, ba kuma abin da ke ba ta haushi. Takan tashi, ta sha shayin da ƙanwarta ta haɗa mata, ta hau motar haya, ta koyar, ta dawo. Mutane suna ta yaba haƙurinta. Ita dai ta san ba haƙuri ba ne. Ji take kamar allurar kashe zafi ta likitan haƙori aka yi mata a jiki duka, ta kuma ƙi sakinta.

A farkon zangon nan aka kawo wa makarantar kwamfuta ashirin, tare da sabon tsari daga sama: kowane malamin kimiyya zai riƙa haɗa darasinsa da aikin kwamfuta. Yara su tattara bayanai, su zuba a jadawali, su rubuta wa na'ura umarni ta yi musu lissafi. Aka tura Malama bita ta kwana uku, aka ba ta littafin jagora mai babi shida. Babi na biyu kan amanar bayanai yake magana, wato neman izinin mutum kafin a rubuta abin da ya shafe shi, da cire suna, da sanin wa zai iya gani. Tana zaune a ɗakin bitar ranar da aka yi babin, har ta sa hannu a takardar halarta, amma abin da ta fi tunawa shi ne wata fanka da ke juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo.

Da ta dawo, Shugaban makaranta ya kira ta ofis. Mutum ne mai son a ga aikinsa, wanda ko kwandon shara aka sayo sai ya sa an ɗauke shi hoto da shi.

"Mako na biyar masu duba aiki za su zo," ya ce. "So nake su tarar da yara a gaban injinan nan suna danne-danne. Ba surutu a allo ba."

"Akwai babin da ya kamata a fara yi, ranka ya daɗe."

"Na danne-danne ne?"

"A'a. Na magana ne."

"To a bar shi zuwa ƙarshen zango. Magana ai ba ta tsufa."

Ta ce to. A watannin nan duk abin da aka ce mata, to take cewa.

Darasin gadon halitta take yi da 'yan aji biyar, su arba'in da biyu, saboda haka ta zaɓi rukunin jini. Kowa ya tambayo rukunin mahaifinsa da na mahaifiyarsa, ya haɗa da nasa, a zuba a jadawali ɗaya wanda duk ajin ke iya buɗewa, ko a kwamfutar makaranta ko a waya. Malamin kwamfuta ne ya buɗe musu jadawalin. Dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin tafireta, yara suna ce masa Kashe-ka-kunna, don maganin kowace matsala ke nan a wurinsa. Yana cikin jera shafukan ya ɗago ya tambaye ta, "Suna za a sa ko lamba?"

"Sa suna," ta ce, "in san wanda bai yi aikin gida ba."

Yaran kuwa abin ya yi musu daɗi fiye da yadda ta zata. Masu barci a bayan aji suka farka. Suka koyi sa na'ura ta ƙirga masu O da masu A, ta zana musu taswira. A mako na uku Malama ta ce a rubuta umarnin da zai kama kuskuren shigarwa: idan rukunin ɗa ba zai yiwu ya fito daga na iyayensa ba, layinsa ya yi ja, a san an rubuta ba daidai ba. Biyu-biyu suke zaune a kowace kwamfuta, suna ta fama. Wadda ta fara samun umarnin daidai wata yarinya ce da ake kira 'Yar Tela, don shagon ɗinkin babanta yana kan hanyar makaranta, rabin ajin shi ya ɗinka musu kayan makaranta. Ba ta da yawan magana, rubutunta ƙanana kamar ɗinkin hannu. Ta riga har Farfesa, yaron da ya saba zuwa na ɗaya, wanda ba ya yafe wa duk wanda ya riga shi.

Ranar Juma'a ce, darasin ƙarshe. Malama ta ce a kwafi umarnin 'Yar Tela a sa a babban jadawali. Aka sa. Layi uku suka yi ja.

Mai layin farko ya ce shi dai ya manta bai tambaya ba, ya rubuta abin da ya zo masa a ka. Aka yi masa dariya. Ta biyu ta duba littafinta ta ga ta musanya na uwa da na ƙanwa, ta gyara, jan ya ɓace. Saura layi na goma sha bakwai: uba O, uwa O, ɗiya B.

"Gyara naki," in ji Malama.

"Daidai ne, Malama," 'Yar Tela ta ce. "Ba tambaya na yi ba. Katinsu na asibiti na gani da idona a akwatin Mama, na kwafo. Nawa kuma an gwada ni bara da na yi zazzaɓi."

Sai Farfesa ya ce, ba da ƙarfi ba, amma yadda kowa zai ji, "To ai injin ba ya ƙarya."

Malama ta ga layin, ta ji maganar, ta kuma fahimci abin da ake nufi tun kafin yaron ya rufe baki. Ta san akwai abin da ya kamata ta yi a cikin minti ɗayan nan. Sanin yana nan a kanta, amma kamar a wani ɗaki na nesa, ba ta da ƙarfin tashi ta ɗauko shi. Aka buga ƙararrawa.

"Asibiti ma suna kuskure," ta ce. "Za mu duba ranar Litinin. A kashe kwamfutoci."

Aka kashe kwamfutocin. Jadawalin kuwa ba a cikinsu yake zaune ba, yana nan a buɗe a wayar duk wanda ya so.

Ranar Asabar da rana tana zaune a falo tana yin makin takardun gwaji, wayarta tana ta kuka a kan tebur. Ƙanwarta ta fito daga kicin da hannu jiƙe ta ce, "Yaya, wayar nan za ta faɗo ƙasa. Ko in ɗauka?"

"Bar ta. Yara ne."

Ba ta duba ba sai ranar Lahadi da yamma, lokacin da ta zo sa wayar mijinta a caji. Kullum takan yi haka, ko da yake ba ta san lambar buɗe ta ba, ba ta kuma taɓa neman a buɗe mata ba. Ta ɗauki tata ta shiga zauren hirar ajin da ke cikin wayar. Saƙo ɗari uku da wani abu. Farfesa ya ɗauki hoton layin na goma sha bakwai, da suna da komai, ya rubuta a ƙasa, "'Yar wa?" Wasu sun yi dariya, wasu sun zage shi, wasu sun tura wa yayyensu. Wata ta rubuta cewa mamarta ta ce dama ita ta daɗe tana mamakin hasken yarinyar. Malama ta karanta har ƙarshe, ta ajiye wayar, ta koma ta ƙarasa makin takarda bakwai da suka rage.

Ranar Litinin kujerar 'Yar Tela ba kowa. Talata ma haka. Laraba da safe, Malama tana wanke kwalaben gwaji a famfon da ke aiki, aka yi sallama a ƙofa. Tela ne, siriri, da awon ɗinki rataye a wuya kamar ya manta da shi, da guntayen zare manne a gwiwar wandonsa. Ta nuna masa kujera. Kujerun ɗakin dogaye ne, marasa majingina, ya hau ya zauna kamar ɗalibi, ƙafafunsa suna lilo.

Suka gaisa har ƙarshe, ya tambayi aiki, ta tambayi iyali, ya ce lafiya lau. Sannan ya ce, "Malama, ni ban yi karatu mai nisa ba. So nake ki nuna mini abin."

Ta kunna kwamfuta ɗaya, ta buɗe jadawalin. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, yana bi da yatsa har ya kai kan sunan. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe ƙarami ne haka," ya ce. "Yadda ake maganarsa na ɗauka wani babban abu ne."

Ya janye fuskarsa daga gilashin.

"Injinki bai yi ƙarya ba. Ba mu muka haife ta ba. 'Yar ƙanwar matata ce. Uwar ta rasu kwana tara da haihuwarta, uban kuma ko a lokacin ba shi da amfani, yanzu ma ban san inda yake ba. Ba a garin nan muke ba a lokacin. Muka ɗauke ta, muka taso da ita nan, ba wanda ya sani. Matata ba ta taɓa haihuwa ba, ita ke nan gare mu. Mun ce sai ta gama makaranta mu zaunar da ita mu faɗa mata, da hoton uwarta da komai, hoton yana nan a ajiye. Saura shekara ɗaya da rabi." Ya ciro zare ɗaya daga gwiwarsa ya naɗe a yatsa. "Shekaranjiya muka faɗa mata, tana kuka, matata tana kuka, maƙwabciya tana leƙe ta taga. Ba haka muka shirya ba."

"Ka yi haƙuri," in ji Malama. Ta ji maganar ta fito fayau, kamar tana karanta sanarwa.

"Yarinyar ma da sauƙi. Matata ce. Kin san abin da mutane suka fara cewa ba riƙo ba ne. Jiya ta je ɗebo ruwa, matan da ke wurin suka yi shiru gaba ɗaya. Shekara ashirin da biyu muna tare, ko tsawa ban taɓa yi mata ba, yau ga ni ina bin gida-gida ina ba da labarin mutuwar ƙanwarta don a daina zarginta." Ya ɗago ya dube ta. "Wa kika tambaya kafin a rubuta jinina a nan?"

"Ba wanda na tambaya."

"Haka na zata. Ni ko awon mutum na ɗauka, ba na faɗa wa na kusa da shi faɗin cikinsa." Bai ɗaga murya ba. "Ban zo faɗa ba. Ki goge shi kawai."

Ta goge layin yana kallo. Sannan ta goge jadawalin gaba ɗaya, ta shiga inda ake ajiye abin da aka goge ta sake gogewa. Ya sauke numfashi, ya fara sauka daga kujerar. Da ta yi shiru, da ya tafi da wannan ɗan sauƙin.

"Malam," ta ce, "na goge nawa. Amma hoton yana cikin wayoyi da yawa, ban san adadinsu ba. Wannan ba ni da ikon goge shi. Ba wanda ke da iko."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. "Har yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila har abada."

Ya gyaɗa kai, ya gyara awon da ke wuyansa, ya ce a tashi lafiya, ya fita.

Kafin a tashi a ranar Shugaba ya kira ta. Ya riga ya kori Farfesa na mako biyu, ya kuma sa an buga mata takardar tuhuma, tana kife a kan tebur. Ya yi ta magana kan sunan makaranta, da masu duba aiki da ke tafe ranar Alhamis mai zuwa. Kashe-ka-kunna yana tsaye a gefe yana kallon takalminsa.

"Ni dai na tambaye ta, suna ko lamba," dattijon ya ce a hankali.

"Ya tambaya," in ji Malama.

"Me ya sa ba ki koya musu babin sirrin nan ba?" Shugaba ya ce.

Ta dube shi. Ya dubi kalandar bango. Da wata ce da ta tuna masa shi ya ce a bar babin, amma ita ba ta ga abin da hakan zai gyara ba, kuma ba shi ya bar jadawalin a buɗe kwana biyar ba. Ta ɗauki takardar, ta rubuta amsa a bayanta a tsaye, layi biyu: ita ta sa a rubuta suna, ita ta ga layin ya yi ja ta tafi gida. Ta sa hannu.

Ranar Asabar da hantsi ta je shagon. Tela ya fita sayen yadi. 'Yar Tela ce zaune a kan benci a bayan keken ɗinki, da tarin riguna a gefenta tana sa musu maɓalli. Ta tashi ta gaishe da Malama yadda ta saba, ta share mata wuri. Idanunta sun kumbura amma sun bushe.

"Mamarki fa?"

"Tana ciki. Ba ta fitowa." Ta sa zare a allura a karo ɗaya. "Malama, umarnin nan daidai na rubuta shi, ko?"

"Daidai ne."

"Ba kuskure ko ɗaya?"

"Babu."

"Ina ta tunani, da na bar Farfesa ya riga ni, da nasa bai yi aiki ba, don ya manta bai sa alamar baka ɗaya ba a ƙarshen umarnin, na gani. Da an buga ƙararrawa ba a gama ba." Ta ja zaren. "Ni na rubuta abin da ya shafa mini ja."

"Ni na ce a rubuta. Ni na ce a sa suna. Akwai darasin da ya kamata in yi muku kafin wannan, ban yi ba."

"Me ke cikinsa?"

Malama ta faɗa mata a taƙaice. Yarinyar tana saurare tana ɗinki, ta gama maɓalli ɗaya ta yanke zaren da haƙori.

"Ai ba shi da wuya," ta ce.

"Ba shi da wuya."

"Sun nuna mini hoton wadda ta haife ni. Wai ina kama da ita. Ni ban ji komai ba, Malama. Ina ta jira in ji wani abu, kamar mace ce kawai a tsaye kusa da mota. Laifi ne?"

Tambayar ce ta farko a wata goma da Malama ta san amsarta ba daga littafi ba. "Ba laifi ba ne," ta ce. "Wani lokaci yakan daɗe bai zo ba. Ki dai riƙa cin abinci."

Ta zauna har yarinyar ta gama riga huɗu. Da za ta tafi ta tsaya a bakin labulen cikin gida ta yi sallama sau biyu. Aka amsa daga ciki, can ƙasa-ƙasa, amma ba a ce ta shigo ba.

Masu duba aiki suka zo ranar Alhamis, su uku. Suka tarar da kwamfutoci ashirin a rufe da ƙyallayensu, Malama a gaban allo da alli. Shugaba ya tsaya a ƙofa fuskarsa kamar an mare shi. Ita kuwa ta ci gaba. Ta ce kowa ya fito da wayarsa, ta san suna ɓoye da su, ya buɗe, ya miƙa wa na kusa da shi na minti biyar. Ba wanda ya motsa. Wata ta tura tata ƙarƙashin cinya.

"Me ya sa?" ta tambaya.

"Akwai abubuwana a ciki," wani ya ce daga baya.

"Na wa muka zuba a jadawali?"

Ta sa suka lissafa mutum nawa ke cikin jadawalin da aka goge: su arba'in da biyu, da iyaye tamanin da huɗu waɗanda ba wanda ya tambaye su. Ta sa kowa ya duba wayarsa, in hoton yana ciki ya goge, ya kuma rubuta a takarda, ba suna, mutum nawa ya tura wa. Aka tara takardun aka haɗa, ya kama ɗari da sittin da ɗaya. Ta rubuta adadin a allo ta bar shi. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi Shugaba ko injinan sun lalace ne, Shugaba ya ce a'a, gobe za a kunna.

An kunna kuwa. Suka koma aikin jadawali da tsayin tsiron wake da suka shuka a gwangwanaye, kowane gwangwani da lambarsa. Farfesa ya dawo bayan mako biyu, ya koma kujerar baya da kansa, ya daina ɗaga hannu. Takardar tuhuma ta shiga fayil ɗin Malama, aka jinkirta mata ƙarin girma da shekara ɗaya. Da aka faɗa mata ta ce to.

'Yar Tela ba ta koma ajin ba. A makon ƙarshe na zango ta zo da takardar canjin makaranta, wadda kowane malami sai ya sa wa hannu. Za su koma garin kakarta, Tela ya riga ya kwance kekensa. Ta sami Malama ita kaɗai tana jera gwangwanayen wake a taga.

"Akwai kwamfuta a can?" Malama ta tambaya.

"An ce akwai goma. Ban sani ba ko suna aiki."

"In suna aiki kada ki bar su. Hannunki yana da kyau a kai."

Yarinyar ta miƙa mata takardar. Biron Malama ya ƙi rubutu, ta goga shi a bayan hannunta, ya ƙi, sai yarinyar ta ciro nata daga aljihu ta miƙa mata. Ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata, ta mayar mata.

"Ki gaida Mamarki. Ki ce na sake ba ta haƙuri."

"Za ta ji."

Malama ta bi ta da kallo ta taga har ta wuce filin ƙwallo ta fita ƙofa. Sannan ta ga gwangwani uku ƙasarsu ta bushe, ta ɗebo ruwa a kofi ta zuba musu. Ta kulle ɗakin, ta kai makulli ofis, ta tafi bakin titi jiran mota.